Ramin Babban Yatsa

A Ambovombe asibitinmu ɗaki uku ne,
sikeli na rataye a reshen tsamiya.
Ni ce Voahangy. Shekara tara ina auna 'ya'yan mutane.

Haova ta iso da hantsi a amalanken shanu,
leɓɓanta ja da 'ya'yan ƙayar da muke kira raketa.
Tari ne ya kawo ta, nata na kanta.
Ta kwance goyo tana taƙama:
"Dubi Fanomeza. Duk farin bana,
shi kaɗai ya yi kumatu a gidanmu."

Na duba. Ban ce komai ba tukuna.

Na ɗora manyan yatsuna a bayan ƙafafunsa,
na danna, na ƙirga uku, na ɗaga.
Rami biyu suka zauna
kamar sawun akuya a laka,
suka ƙi cikowa.

Gashinsa ya yi ja kamar gemun masara,
na shafa, ya biyo tafina.
Fatar cinya na ɓarewa kamar tsohon fenti,
gefen baki ya tsage,
hannu sanyi ƙalau, ga rana tsaka.
Ƙuda ya sauka kusa da idonsa,
bai ko ƙifta ba.
Yaro mai tsala kuka ba ya tayar mini da hankali.
Mai shiru nake tsoro.

A gadon gefe akwai Soazara,
wata goma sha tara, fuskar tsohuwa,
haƙarƙari a fili, makaho ma ya ƙirga,
fatar ɗuwawu na reto kamar wandon aro.
Na zagaya tef a damtsenta, ya tsaya a ja.
Ita ko daga nesa an san ciwonta.
Yunwa dai ɗaya ce, hannunta ne biyu:
wani ta tsotse shi, wani ta hura shi,
wanda ta hura kuwa har barka ake yi wa uwarsa.

Na miƙa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa a ɗan yatsa.
Ya kau da kai.
Haova ta ce, "Ku ba shi shinkafa mana, ku cika cikin!"
Na ce, ƙofar da ta daɗe a rufe
ba a buɗe ta da ƙafa.
Madara tsararo, cokali-cokali,
duk bayan awa biyu, har tsakar dare.
Ki manna shi a ƙirjinki, ki lulluɓe ku duka.

Kwana na biyar sikeli ya sauka.
Kumatu suka zube, wuya ya fito siriri.
Haova ta ɗaure kayanta a zane:
"Na kawo shi da nama, kun zabge shi!"
Na tare ƙofa. Ba ni da wata hujja sai yatsa,
don haka na kama nata,
na ɗora a ƙafar ɗanta, muka danna tare.
Ramin bai kai na ranar farko ba.
Na ce, ruwa ne yake tafiya,
wannan ɗan ƙaramin da ya rage shi ne naki,
daga nan za mu fara gini.

Ta daɗe a tsaye.
Sannan ta ajiye ƙunshin, amma ba ta kwance shi ba.

Kwana na sha ɗaya ya fizge birona,
ya kai baki, ya yi mini kallon ɓarawo,
leɓen da ya tsage ya ɗan motsa.
Ban rubuta a kati ba. Babu gurbin murmushi a katin.

Ranar sallama na hango ta a layin waje,
tsugune gaban wata baƙuwa mai goyo ɓulɓul,
yatsa a kan ƙafar jaririn,
tana ƙirgawa da harshensu: raike, roe, telo.
Ta ɗaga. Ta juyo ta ƙwala mini kira.

Sai da amalankensu ya sha kwana
na tuna ban taɓa duba tarin nata ba.